Ƙura ce ta faɗa mini a ido

Shekarata tara a duniya ranar da na fara ganin hawayen babban namiji, kuma a silima na gan shi. Yayana ne, ɗan farin Inna, wanda ya ba ni shekara tara cif. A unguwarmu ta Bilbis, cikin garin Tahoua, da kokowa aka san shi. In kaka ta yi aka share fili, shi ake turawa ya tari samarin wasu unguwanni, kuma ban taɓa jin ya ce wash ba, ko ranar da aka kawo shi gida kafaɗa a goce. A daren da nake magana, cikin hunturun 1988, ya biya mini kuɗin shiga saboda na taya shi jigilar kara kwana uku.

Silimar fili ce, katanga huɗu ba rufi, farin bango a gaba, taurari a sama. Fim ɗin Indiya aka sa. Ba mai jin yarensu a cikinmu, rubutun Faransanci da ke wucewa a ƙasa kuma sai 'yan lakkol ke iya kamawa, su ma rabi da rabi. Aka kai wani wuri inda wata tsohuwa ke tsaye a tashar jirgin ƙasa, jirgi ya sauke kowa ya wuce, wanda take jira bai sauko ba. Na waiga don in tambayi Yaya ko wa take jira. Hasken bangon yana kan fuskarsa, sai na ga ruwa layi biyu yana gangarowa har gemu. Da ya ankara ina kallonsa, ya sa hannun riga ya share.

"Ƙura ce ta faɗa mini a ido," in ji shi. "Dubi gabanka."

Hunturu ne, ƙura kuwa akwai ta, don haka na yarda, amma da rabin zuciya.

A gidanmu ba a kuka. Baba ya rasu a 1985, bayan farin da mutanenmu ke kira El-Buhari, kuma abin da na riƙe na kwanakin zaman makoki shi ne kalma guda da kowa ke shigowa da ita, ya fita da ita: haƙuri. Yaro ya ɓare baki, a ce kai ba namiji ba ne? Mace ta ɗaga murya, tsofaffi su ce kada ki ƙona shi da hawaye, addu'a yake so. Ga kuma kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron gidan nan". Ka kai wa wancan tuwonsa. Wancan ya dawo daga gona? Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yaba shi gaban mutane, in ya kayar da wani a fili aka zo ana yi mata barka, sai ta kau da kai ta ce rashin aikin yi ne. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin rashin so.

A Adar, yankinmu, yaro in ya tasa, hanyarsa biɗa. Ana gama girbi za ka ga motoci cike da samari sun nufi Konni, daga nan wasu su faɗa Najeriya, wasu su miƙa kurmi. Yawancin namu Abijan suke zuwa. Gidajen siminti masu rufin kwano da ake gani a ƙauyukanmu, da yawansu gumin can ne. Yaya ya tafi a ƙarshen 1990. Ya yi dako, ya tura baro, daga baya ya kafa teburin shayi da burodi. Da yake shi da Inna ba mai karatun boko, wasiƙarsa kaset ce. Wani ɗan gari in zai dawo ya kawo ta tare da 'yan kuɗi a ƙulle cikin leda. Mu taru gindin rediyo, ya bi kowa da suna yana gaisarwa, har makwabta da jarirai. Da zarar muryarsa ta fito, Inna za ta tashi, wai za ta duba awaki. Amma ana hango ƙafafunta ta ƙarƙashin zana, tsaye, ba motsi, har kaset ta ƙare. In muka zo ɗaukar amsa aka miƙa mata rediyo, abin da take cewa bai wuce haka ba: "Ku ce masa lafiya lau muke. Ya riƙe salla."

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗinmu ya koma rabin ƙarfinsa a dare ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, kuma gidajen silima, waɗanda dama bidiyo ya fara janye musu mutane, suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya a faɗin ƙasa. Da Yaya ya zo gida a 1997, ya sauko da tele, da na'urar bidiyo, da ƙaramin gurup na ba da wuta. Ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Ƙane, ga jari. Kada ka biyo ni kurmi. Dole ɗayanmu ya zauna kusa da tsohuwa."

Haka na buɗe gidan kallo. Rumfar zana ce da benci shida, yara dala biyar, manya dala goma. Kaset daga Konni nake sarowa, masu tsallakowa ta Illela daga Sakkwato da Kano: na Indiya, na faɗan 'yan Sin, sannan finafinan Hausa da suka fara yawa a waɗannan shekaru. Na yi shekara takwas a wannan sana'a, kuma wurin zamana kusa da tele ne, ina fuskantar jama'a, don in tsare ƙofa in kuma kula da na'ura. Saboda haka mutane suna kallon fim, ni ina kallon mutane. Wanda bai taɓa zama a wannan kujera ba, ba zai san abin da fuskar ɗan Adam ke yi a cikin duhu ba, lokacin da take zaton ba mai ganinta.

Kuka ba ya zuwa kwatsam. Hira ce ke fara mutuwa, mai ɓare gyaɗa ya tsaya da ɓarewa. Daga nan haɗiyar miyau, ka ga maƙogwaro yana hawa yana sauka. Wani ya gyara hula ba dalili, wani ya jawo rawani ya rufe hanci, wani ya tashi wai fitsari, ya je bayan zana ya tsaya yana leƙe ta kafa. Samari 'yan fada suna da tasu dabara: su yi dariya da ƙarfi, su zolayi na kusa da su, su ce ga wane zai yi kuka, alhali idon mai faɗin ya fi na kowa ja. In fim ya ƙare nakan jinkirta kunna fitila kamar na minti ɗaya. Ba wanda ya koya mini wannan. Na dai lura cewa in na kunna da wuri, washegari wasu dattawa ba sa dawowa.

Na kuma gane yadda masu fim ke ɗana tarkonsu. Ba sa nuna maka mutuwa sai sun bari ka saba da mutumin tukuna, ka ga yadda yake cin abinci, yadda yake tsokanar ƙanwarsa, wani ɗan alkawari da ya ɗauka zai cika in ya dawo. Sannan in lokacin ya zo, sai su matso da kyamara har fuska ta cika tele, ka ga leɓe yana rawa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to su fuskar suke kawo maka kusa fiye da yadda kunya za ta bar ka ka kusanci ta uwarka. Kiɗa kuwa yakan riga hawaye isowa. Sarewa ko goge ya fara a hankali tun kafin a faɗi mummunan labari, zuciya ta karaya tun ba ta san dalili ba. Wani dare wayar lasifika ta tsinke ana tsakiyar wani fim da na san yana zubar da hawaye duk lokacin da na sa shi. Hoto na tafiya, murya babu. Ina ta fama da waya, na ɗaga kai: matar da ke cikin fim tana birgima a kan gawar mijinta, amma yara dariya suke yi, manya suna tsaki. Da na gyara na mayar da kaset baya, wurin nan dai, mutanen nan dai, rumfa ta yi tsit, can sai na ji jan majina daga bencin baya.

Duk da haka kiɗa da kyamara ba su ne duka ba, domin ba wuri ɗaya ke karya kowa ba. Mata ba sa zuwa rumfa, don haka in ana biki ko suna nakan ɗora tele a baro in kai cikin gida, su zauna a tsakar gida su kalla. Su ba sa ɓoyewa. Suna magana da mutanen cikin fim kamar suna jin su: "Kada ki sha, 'yar nan, ta zuba magani!" "Allah ya isa tsakaninmu da ke!" Inda ake wulaƙanta maraya, ko aka kori mace da goyo cikin dare, nan ne mayafai ke jiƙewa. Na taɓa ganin wata amarya, ana wurin da kowa ke dariya, ita kaɗai ta kifa kai a gwiwa, saboda uban cikin fim ya ɗora 'yarsa a wuya. A rumfa kuma, 'yan biɗa da suka dawo gida noma ba ruwansu da mutuwar masoya. Abin da ke kama su shi ne mutum ya dawo daga tafiya mai nisa ya tarar an rufe uwarsa. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da ya kalli fim guda sau goma sha ɗaya. Yakan zo daidai wani wuri, inda ɗa ke durƙusawa yana neman gafarar ubansa, in an wuce wurin ya tashi ya tafi, bai damu da ƙarshen ba. Ban taɓa tambayarsa ba, a garin kuma kowa ya san ɗansa ya bar gida suna fushi da juna.

Malaman unguwa sun sha yi mini wa'azi kan waƙoƙi da raye-rayen da ke cikin finafinan, kuma wani abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma laifin da ni na sani a kaina wani ne daban, kuma zan faɗe shi. Hawayen mutane sun zama mini ma'aunin ciniki. In na saro sabuwar kaset nakan kalle ta ni kaɗai da rana, in ce wannan za ta yi kwana goma, wannan ba za ta wuce uku ba, gwargwadon yadda na ga za ta taɓa zuciya. Ni kaina ba ta taɓa ni. Ina alfahari da haka. Ina ganin na san sirrin abin, na fi ƙarfinsa, waɗanda ke kuka kuma ruɗarsu aka yi.

Yaya ya yi aure a 1998, aka haifa masa 'ya mace a 2001. Ya zo ya gan ta, ya koma. Kaset ɗinsa ta ƙarshe ta iso mana cikin damina ta 2002. A ciki yana cewa in Allah ya kai mu bayan salla zai taho da kwanon rufi, a sauke wa Inna rufin ƙasa da ke yoyo. Ranar 19 ga Satumba yaƙi ya ɓarke a Kodebuwa. Ƙasar ta rabu biyu, 'yan tawaye suka riƙe arewa har Buwake, a Abijan kuma aka rushe, aka ƙona unguwannin talakawa da dama inda baƙi ke zaune. Mutanenmu suka riƙa dawowa, wasu ta Gana, wasu ta Burkina, da abin da ke jikinsu kawai. Duk motar da ta tsaya a tasha ina can. Wani ya ce ya gan shi kwana biyu kafin abin. Wani ya ce ya ji an ce ya nufi Gana. Wani ya sunkuyar da kai ya ce Allah dai ya sa mu ji alheri. Kawu ya sayar da bijiminsa ya tafi nema a 2003. Ya zaga unguwannin Abijan, Ajame, Tireshbil, Abobo, ya shiga asibitoci, ya tambayi sarakunan Hausawa na can. Bayan wata biyu ya dawo da buta da bargon Yaya, waɗanda wani makwabcinsa ya adana.

Mutuwa tana da gawa, tana da salla, da kabari, da kwana uku da bakwai da arba'in. Mutane su zo su zauna da kai, su tashi. Ɓata ba shi da ko ɗaya. Ba wanda zai yi maka gaisuwa, don yin ta kamar yanke ƙauna ne, ba kuma wanda zai ce ka yi murna. Inna ta karɓi bargon ta kai ɗakinsa, ta rufe. Duk Juma'a tana share ɗakin. Ba ta yi kuka ba, ko sau ɗaya, a gaban kowa. Ni ma ban yi ba. Na ci gaba da sa kaset kowane dare, ina kallon mutane suna kuka a kan 'yan uwan wasu da ba su taɓa wanzuwa ba, ni kuma ƙirjina kamar an cusa dutse.

Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, 2005 ta zo da yunwa. Buhun hatsi ya haura jika ashirin da biyar, mutane suna auna tiya rabi. Wanda bai ci ba ba zai ba da dala goma don kallo ba. Na sayar da gurup, na sayar da tele da bidiyo, na sayi hatsi. Ranar da mai saye ya zo ɗauka, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kayan wancan ne." Na ce, "Inna, in ya dawo zan saya masa wasu." Ba ta ƙara magana ba.

Matar Yaya ta yi zaman da ba kowace mace za ta iya ba. Iyayenta suka kai maganar gaban malamai, aka ce a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓata tana jira shekara huɗu daga ranar da aka kai ƙara, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ta cika su duka, ta yi aure a 2009, ta bar mana yarinyar. Ban taɓa riƙe ta a zuci ba. Amma da kawu ya ce to tunda haka ne a tara mutane a yi wa Yaya addu'a da sadaka, Inna ta ce, "Wa ya ga gawarsa?" Maganar ta mutu a nan.

Ni kuwa tun 2006 na koma Yamai, na koyi gyaran tele da rediyo wajen wani mutum kusa da kasuwar Katako, daga baya na koma gyaran waya. Na bar kallon fim kwata-kwata.

A farkon 2012 wani malamin makaranta da nake yi wa gyara ya matsa mini in raka shi kallon wani tsohon fim a cibiyar al'adu da ke daura da gidan tarihi na ƙasa. A lokacin sunan Jean Rouch take ɗauke da shi, Bafaranshen da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar finafinai a Nijar, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Konni a 2004. Yanzu an mayar mata da sunan Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tahoua shekaru da yawa, wanda muna yara muke jin labarin yana zana kwaɗi a takarda ya sa su motsi. Na bi malamin don kunya kawai.

Fim ɗin shi ne Moi, un noir, na 1958. Samarin Nijar ne da suka tafi biɗa Abijan, suna zaune a Tireshbil. Babban ɗan wasan Oumarou Ganda ne, ɗan Yamai, wanda ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin, ya dawo ya rasa abin yi, ya gangara kurmi yana lebura a tashar jiragen ruwa. Shi ne daga baya ya zama mai shirya fim da kansa, har ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, ya rasu a 1981. Malamin ya raɗa mini cewa kyamarar da aka yi aikin da ita ba ta ɗaukar murya tare da hoto, saboda haka bayan an gama ne aka zaunar da Ganda yana kallon kansa yana magana a kai. Shi ya sa muryar take kamar ta mutumin da ke ba ka labarin wahalarsa da dare, wani wuri da wasa, wani wuri da ɗaci. Kunnena ya san irin wannan murya. Irinta ce ke fitowa daga rediyonmu, Inna tana tsaye bayan zana.

Ba fim ɗin sa kuka ba ne. Babu sarewar da ke karya zuciya, babu uwa a tashar jirgi, duk tarkunan da na sani ba ko ɗaya. Mutanen da ke kusa da ni har dariya suke yi a wasu wurare. Sai aka nuno leburori suna dakon buhuna. Wani ya sunkuya aka ɗora masa, wuyansa ya lanƙwashe, ya ɗaga ya fara tafiya da ɗan gudu-gudu irin na mai kaya. Bayansa kawai nake gani. Shekara goma sha biyu Yaya ya yi a garin nan, kuma ban taɓa ganin inda yake ba ko a hoto. Abin da na sani atamfa, da rediyo, da tele, da kuɗi a ƙulle cikin leda. A kaset kullum cewa yake lafiya lau, kasuwa ta yi kyau. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina buhu nawa ne tele ba, buhu nawa ne gurup, a wane wuya aka ɗauko jarin da na zauna a inuwa ina ci shekara takwas.

Abin ya taso mini daga ciki, ba daga ido ba. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa kamar yadda na ga ɗaruruwan mutane suna yi, ya ƙi. Na cusa hula a baki. Jikina duka rawa yake, ina jin wani sauti yana fita daga gare ni wanda ban san ina da shi ba. Wani tsoho Bazabarme da ke gefena, wanda ban sani ba, ya ɗora hannunsa a gwiwata bai ko waigo ba. Ya ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri. Bai ɗauke hannun ba har fim ya ƙare. An faɗa mini wannan kalma sau dubu tun 2002, amma kullum ma'anarta ita ce yi shiru. A bakin tsohon nan, da hannunsa a gwiwata, ban ji yana hana ni ba.

Na taɓa jin wani likita a rediyo yana cewa hawaye iri uku ne: wanda ke jiƙa ido kullum, da wanda hayaƙi ko albasa ko ƙura ke jawowa, da wanda zuciya ke turowa, kuma na ukun nan ɗan Adam kaɗai aka sani da shi. A hanyar komawa gida daren nan, a ƙafa, abin da nake ta tunawa shi ne yaro ɗan shekara goma sha takwas a silimar Tahoua, shekara uku da rasuwar ubansa, gida duka a wuyansa, ya kuma san nan gaba kaɗan zai bar uwarsa ya tafi. Ba shi da inda zai ajiye wannan sai cikin duhu, gaban wata tsohuwa Ba'indiya da ba ya jin yarenta.

Washegari na je wajen limamin masallacin da nake salla, don zuciyata ba ta kwanta ba: shin na saɓa, da na yi wa ɗan uwana kuka a gidan kallo, ban yi a kan tabarmar salla ba? Ya ce, "Ɗana, Annabi Yaƙuba ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne dai idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusufu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da faɗin abin da Allah ba ya so." Ya tambaye ni ko mahaifiyata tana da rai. Na ce tana nan. Ya ce, "To ka je ka gan ta."

Malamin makarantar ya samo mini fim ɗin a faifai. Da Babbar Salla ta zo na hau mota, Doso, Dogonduci, Konni, Tahoua, fiye da kilomita 500, da 'yar na'urar faifai mai allo a cikin jakata. Ban san yadda zan fara ba. Inna ba ta taɓa shiga rumfata ba, ko da ake kai tele gidajen biki ba ta zama. Daren kwana na biyu da salla, bayan an gama suyar nama gida ya yi shiru, na ce, "Inna, na zo da hoton garin da wancan ya zauna. Tsoho ne, tun kafin a haife shi. Ko za ki gani?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce, "Kawo."

Muka zauna a tabarma mu uku, da ita da ni da 'yar Yaya, wadda ta kai shekara goma sha ɗaya a lokacin. Inna ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, na fara fassara mata, ta ɗaga hannu ta ce in bari. Ta matso da fuskarta kusa da allon. Ta ga ruwa ta ce, "Wannan ne tekun?" Ta ga titi ta ce, "Mutane da yawa haka?" Da aka zo wurin buhuna ta ce, "Tsaya. Mayar." Na mayar. Ta ce in sake. Sau uku. A na ukun ta miƙa yatsa ta taɓa allon, daidai wuyan mutumin da ke ɗauke da kaya.

Sai ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Shekarata talatin da uku ban taɓa jin wannan suna a bakinta ba. Ta sake kira. Daga nan ta jawo mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza. Yarinyar ta dube ni a tsorace, na yi mata alama ta matsa, ta matsa ta kwanta a jikin kakarta. Na rage hasken fitila. Fim ɗin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai har ya ƙare, ba wanda ya kula.

Da asuba na ji ƙarar turmi. Na fito na tarar Inna ta jiƙa gero tana dakan gumba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Je ka gaya wa kawunka da liman, bayan la'asar. In yana raye addu'a ta same shi, in ya riga mu ta same shi." Na juya zan tafi, ta ƙara da cewa, "Kaset ɗin nan tasa ta ƙarshe tana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Ka nemo rediyon da zai karɓe ta. 'Yarsa ba ta san muryarsa ba."

Sai da na zaga gida bakwai a Bilbis kafin in sami rediyo mai cin kaset da ke aiki.